Horo Ba Tare da Bulala Ba: Yadda Ake Kafa Tsarin Sulhu a Makarantun Jos

In ka ce wa malami ya ajiye bulala, abin da zai fara tambayarka shi ne: "To da me zan riƙe yara saba'in?" Yana da gaskiya. Duk wanda ya karɓe masa bulala bai ba shi komai a madadinta ba, ya bar shi cikin wahala. Wannan jagora bayani ce a kan abin da ake sakawa a gurbin: tsarin da ke sa yaron da ya yi ɓarna ya zauna da wanda ya cuta, ya ji abin da ya jawo, sannan ya gyara da hannunsa.

A Jos maganar ta fi nauyi. Tun rikicin Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008 da na Janairun 2010, unguwanni sun rabu. Yaron Gangare ko Unguwar Rogo da yaron Jenta ko Unguwar Rukuba sau da yawa ba inda suke haɗuwa sai a bencin makaranta. Faɗan da aka yi a kan biro da ƙarfe goma na safe yana iya isa gida da azahar a matsayin "an doki ɗanmu saboda addininsa". Bulala shida-shida tana rufe maganar a ofis, amma a unguwa lokacin ta fara. Ga kuma doka: sashe na 11 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya hana ji wa yaro ciwo a jiki ko a zuciya, ya hana horon wulaƙanci, kuma Jihar Filato ta yi tata dokar a 2005.

Sulhu dai ba baƙonmu ba ne. Aikin mai unguwa ne da liman da fasto, yana cikin Suratul Hujurati aya ta 10, yana cikin Matiyu 18:15. Abin da aka samo daga waje shi ne jeranta shi mataki-mataki. Niyu Zilan ta sa zaman iyali, inda yaron da ya yi laifi da danginsa ke zama da wanda aka cuta, cikin dokar yaranta a 1989, wani ɗan sanda mai suna Terry O'Connell ya tsara jerin tambayoyin a garin Wagga Wagga na Ostareliya a farkon shekarun 1990, makarantu kuma suka ɗauka daga can. Kada a yi masa kallon sha-yanzu-magani-yanzu. Binciken da cibiyar RAND ta fitar a 2018 a kan makarantu 44 na birnin Pittsburgh a Amurka, inda aka gwada tsarin, ya nuna kwanakin da ɗalibai ke asara saboda dakatarwa sun ragu da kashi 16 cikin 100, amma sakamakon karatu bai ƙaru ba, har ma ya ɗan yi ƙasa a azuzuwan tsakiya, wato aji shida zuwa takwas a tsarinsu. Wani gwajin a makarantun sakandare 40 na Ingila ya ga cin zali ya ragu, raguwa kaɗan, kuma sai bayan shekara uku.

Mataki na ɗaya: a fara daga ɗakin malamai

Babban kuskure shi ne shugaban makaranta ya tsaya a asambili ya ce "daga yau babu bulala". Abin da yara ke ji shi ne babu hukunci. Kafin mako biyu aji ya rikice, malamai su koma duka a ɓoye, shi ke nan an binne tsarin.

A zauna da malamai duka kafin a koma zango. Wani zai ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A bar shi ya faɗa, sannan a tambaye shi yara nawa ne aka zane a zangon da ya wuce har sau uku a kan laifi ɗaya. Amsar da malamai za su bayar da bakinsu ta fi duk wata lacca.

A kafa kwamiti na mutum biyar: mataimakin shugaban makaranta, malamin ladabtarwa, malamin ba da shawara, malamin aji ɗaya, da wakilin iyaye daga PTA ko SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta. Aƙalla biyu su zama mata, kuma a samu Musulmi da Kirista a ciki. Malamin da ya fi kowa zafin hannu a jawo shi ciki. In an bar shi a waje shi zai rushe aikin, in kuwa ya karɓa, yara sun san ba wasa ake ba.

Aikin kwamiti na farko shi ne raba laifuka hawa uku a takarda ɗaya, a manna a kowane aji. Hawa na ɗaya: makara, surutu, ƙin aikin gida, rashin cikar yunifom, wannan na malamin aji ne. Hawa na biyu: zagi, dambe, ƙaramar sata, karya benci ko taga, yaɗa hoton wani a WhatsApp don a yi masa dariya, wannan shi ake kaiwa zaman sulhu. Hawa na uku: makami, fyaɗe ko lalube, sayar da ƙwaya, raunin da ya kai asibiti, alaƙa da 'yan sara-suka, wannan na shugaban makaranta ne da iyaye da hukuma.

Kada a fara da makaranta duka. Aji ɗaya na ƙaramar sakandare ya fi sauƙi, domin ba su riga sun saba da tsohon tsari ba.

Mataki na biyu: zaman da'ira tun babu faɗa

Wannan shi ake yawan tsallakewa, kuma shi ne gindin abin. Yaron da bai taɓa magana a gaban 'yan ajinsa ana sauraronsa ba, ba ranar da ya yi laifi zai fara ba.

A ware minti 20 sau ɗaya a mako, a sa shi cikin jadawali da rana da lokaci. Yara su zauna ko su tsaya a da'ira, malamin aji a cikinsu, babu tebur a gabansa. A riƙe abu ɗaya da ke zagayawa hannu-hannu, kamar dasta ko ƙwallon tsumma. Mai riƙe da shi kaɗai ke magana. Kada a yi amfani da rula, don yara sun san aikinta, kada kuma a ɗauko carbi ko wani abin ibada. Ƙa'idoji uku sun isa: ba a katse mai magana, ba a yi masa dariya, wanda bai shirya ba ya miƙa gaba.

Yi lissafi kafin ka fara. Yara 35, kowa daƙiƙa 20, kusan minti 12 ke nan. Yara 70 ba za su shiga minti 20 ba, na ƙarshe kuma sun gaji tun kafin a zo kansu. Sai a raba ajin biyu, rabi da malamin aji, rabi da wani malamin. In ba a samu malami na biyu ba, yara 20 su yi ƙaramar da'ira a tsakiya su yi magana, sauran su kewaye su suna sauraro, mako mai zuwa a canza. Inda bencina ba sa matsuwa a fita gindin bishiya, amma a Disamba da Janairu a bari sai an dawo daga tara. Yaron da sanyin Jos ke kaɗawa ba ya sauraron kowa. A ajin da ke haɗe, 'yan mata su ɗauki ɓangare ɗaya, maza ɗaya, kuma kada a ce a riƙe hannun juna. A ɗage dokar hana yaren gida a lokacin zaman, wanda Hausa ta fi masa sauƙi ya yi da Hausa.

Makonni uku na farko tambayoyi masu sauƙi: abincin da ka fi so, sana'ar da kake sha'awa, wani da ya taɓa taimakonka. Malami ya fara amsawa, a taƙaice, don yara tsawon amsarsa suke kwaikwayo. Daga mako na huɗu a shiga "me ke hana ka karatu a ajin nan?" A mako na shida ajin ya fitar da dokokinsa, kada su wuce biyar, kowa ya sa hannu.

Akwai tambayoyin da ke tona asiri ba da niyya ba: "Me babanka ke yi?", "Me ka karya da shi yau?", "Me aka saya maka da Sallah ko Kirsimeti?" A kowane aji akwai maraya, akwai wanda ya zo da yunwa. Maganar rikici da addini kuwa ba ta zangon farko ba ce.

Da'ira takan mutu ta hanya biyu. Ko malami ya mayar da ita wa'azi, ya cinye minti 15 shi kaɗai, ko kuma ya ɗauki abin da yaro ya faɗa a ciki ya hukunta shi da shi daga baya. Sau ɗaya ya isa, ba wanda zai sake buɗe baki.

Mataki na uku: maganar minti biyar

Ga laifin hawa na ɗaya, kira yaron gefe bayan darasi, inda ana ganinku amma ba a jin ku. Tambayoyin su ne: Me ya faru? Me ke ranka a lokacin? Yanzu me kake gani? Wa abin ya shafa, ta yaya? Me za ka yi ka gyara? Ka guji "don me ka yi?", domin ita ce ke haifar da ƙarya ko "ban sani ba". Kada kuma ka ce ya dube ka cikin ido; yaron da aka yi wa tarbiyya a gida sunkuyar da kai yake yi a gaban babba, ba taurin kai ba ne.

Mai yawan makara sau da yawa za ka tarar ɗebo ruwa yake yi, ko kai ƙanne makaranta, ko talla. Tsallen kwaɗo ba ya canza ko ɗaya a ciki. Magana da uwarsa tana iya canzawa.

Mataki na huɗu: zaman sulhu

A ce yara biyu 'yan aji biyu sun yi karo a filin ƙwallo. Ɗaya ya ce "arne", ɗayan ya ce "ɗan Boko Haram", aka kai naushi, leɓe ya fashe, riga ta yage.

Da farko a raba su, a duba rauni, kowa ya zauna wuri daban. Kada a yi zama a wannan awar, jini bai sauka ba. Amma kafin a tashi makaranta a buga wa iyayen duka biyu waya, a faɗa musu magana iri ɗaya: ga abin da ya faru, ga halin da yaronku ke ciki, ga ranar da za mu zauna. Labarin makaranta ya riga na yara isa gida. Zaman kansa a yi shi cikin kwana biyu. In abin ya faru ranar Alhamis ko Juma'a, a yi ƙoƙari kada ya kwana cikin hutun mako, domin Juma'a da Lahadi ranakun haɗuwar jama'a ne, magana takan yi ƙafa.

Sai ganawa da kowa shi kaɗai, minti 10 zuwa 15. Nan ne rabin aikin yake. Ga yadda takan kasance da wanda ya kai naushi:

"Me ya faru a fili?"

"Malam, shi ya fara."

"Za mu zo kansa. Kai, daga lokacin da ƙwallo ta fita, me ka yi?"

"Na ture shi. Ya zage ni, na nushe shi."

"Wa abin ya shafa?"

"Shi kaɗai."

"Rigar fa, wa zai ɗinke?"

Nan yakan yi shiru. Kada ka cike masa shirun, ƙirga goma a zuciyarka.

"Mamansa."

"Ƙanwarsa da ke aji ɗaya tana wurin?"

"Tana wurin, Malam. Ta yi kuka."

In yaro ya kai nan, ya shirya. In har yanzu yana musun cewa ya yi, ba a shiga zama, domin zaman ba kotu ba ne. A koma bincike ta hanyar da aka saba. Wanda aka cuta kuma a tambaye shi: me ya faru, me ya fi yi maka ciwo, me kake so a yi? In ya ce ba ya son zama da wancan, ba a tilasta shi. Malami na iya kai saƙo tsakaninsu, ko a karɓi wasiƙa. A irin wannan faɗan kowannensu ya cuta kuma an cuce shi, saboda haka kowa zai amsa tambayoyin ɓangare biyun.

Ranar zama a nemi ɗakin da ba a leƙe, ba ofishin shugaban makaranta ba. Kujeru iri ɗaya a da'ira, kada wani yaro ya durƙusa. Mutane kada su wuce takwas: yaran biyu, mai goyon bayan kowanne ɗaya ko biyu, da masu jagoranci. In maganar ta taɓa addini ko ƙabila, malamai biyu su jagoranta, ɗaya Musulmi ɗaya Kirista. Malamin da abin ya shafa kai tsaye ba ya jagoranci. A ware minti 40 zuwa awa ɗaya, a kashe waya.

Mai jagoranci ya buɗe da cewa an zo ne a ji abin da ya faru a kuma gyara, ba a zo tantance wane ne mutumin kirki ba. Wanda ya amsa laifi shi ke fara magana, don wanda aka cuta ya ji da kunnensa cewa ba a musu. Sannan wanda aka cuta, sannan masu goyon bayansa, sannan na wancan. Daga nan a koma kan na farko: "Akwai abin da kake son faɗa?" Kalmomin zagin a ambace su ƙarara a tambayi kowa yadda ya ji da aka kira shi da ita. In aka kauce musu aka tsaya a kan riga, an ɗinke riga ne kawai.

Kada ka ce "ba shi haƙuri" ko "ku gaisa ya wuce". Haƙurin dole kamar ɗaure gyambo ne ba a wanke shi ba. Yaranmu kuma an koya musu su ce "na yafe" da zarar babba ya dube su, don haka in ya faɗa da sauri, ka ce masa: "Mun ji. Amma me kake so ya yi daga yau?"

Iyaye su ne sukan fi wahala. Wani uban zai ce: "Malam, na ba ka wuƙa da nama, ka zane shi kawai." Wani zai tashi ya mari ɗansa a gaban kowa don ya nuna bai goyi bayansa ba. Tun a waya a gaya musu ba a duka ba a zagi a ɗakin. In uba ya ɗauki zafi, ka ce: "Baba, a yi haƙuri, za a zo kanku. Muna so ya faɗa da bakinsa tukuna." In ya ƙi, a ɗaga zaman minti biyar a fita da shi.

Yarjejeniya da bibiya

Abu biyu zuwa huɗu, kowanne da mai yi da ranar gamawa. A misalinmu: wanda ya yaga riga zai kai ta wurin tela ya kawo ranar Litinin, rabin kuɗin daga kuɗin tararsa, su biyun ba za su sake kiran kowa da waɗannan sunaye ba, za su tsaya tare su gaya wa 'yan ƙwallon da suka gani cewa maganar ta ƙare. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, don masu zuga suna nan suna jira.

Gyaran ya dace da ɓarnar. Wanda ya karya benci ya taya kafinta gyara. Wanda ya yi zagi aka sa shi wanke ban-ɗaki, hukunci aka yi masa da sabon suna, kuma ya sani. "Zan zama yaron kirki" ba ya shiga takarda, don ba mai iya duba shi. In kuɗi ne, a raba shi kashi-kashi daidai ƙarfin yaron, kada uba ya zaro ya biya nan take yaron ya fita ba abin da ya taɓa shi. Kowa ya sa hannu, kowane gida ya samu kwafi.

A duba bayan kwana uku, bayan mako biyu, da bayan mako shida, a fara da tambayar wanda aka cuta shi kaɗai. In an saɓa sau ɗaya, a ji dalili a sa sabuwar rana. In an sake, maganar ta koma ga shugaban makaranta da hukuncin da ke rubuce, kuma wannan sharaɗin yana cikin takardar tun farko. Rashin bibiya shi ya fi komai kashe tsarin. Yara na saurin gane cewa a nan baki kawai ake yi a wuce.

Wanda aka dakatar, ranar da ya dawo a yi masa zaman minti 15 da malamin aji da wani nasa: darussan da ya rasa, wa zai ara masa littafi ya kwafa, wurin wa zai je in an tsokane shi.

Inda ba a yin zama

Ba a haɗa yarinyar da aka yi wa fyaɗe ko lalube da wanda ya yi, ko da iyaye sun roƙa a rufa asiri. Asibiti da hukuma ne hanyarsa. Haka in malami ne ya ci zarafin ɗalibi. Cin zalin da ya daɗe, inda babba ke karɓe wa ƙarami kuɗi kullum, sai an fara tsare ƙaramin an tabbatar abin ya tsaya. In an gaggauta haɗa su, ƙaramin zai yafe don tsoro, a tare shi a hanyar gida.

Shugabannin ɗalibai da littafin rajista

A karɓe bulala daga hannun shugabannin ɗalibai da monitoci a zango na biyu, a koya wa biyu a kowane aji tambayoyin nan biyar. Su yi aiki bibbiyu, a kan hawa na ɗaya kawai, kuma ba a kan abokinsu ko ɗan unguwarsu ba. Malamin da ke jagorantar zama kada ya wuce biyu a mako, in ya wuce a rage masa darussa, in ba haka ba zai fara yin na awa ɗaya cikin minti goma.

A ajiye littafi ɗaya mai kauri a kulle, da gurbin kwanan wata, aji, wuri, lokaci, abin da ya faru, yarjejeniya, da ko an cika. A zangon farko ƙorafi zai ƙaru, kada a firgita. Yaran da da suke haɗiyewa ne suka fara kawo ƙara. Abin dubawa shi ne sunayen da ke maimaituwa da yarjejeniyoyin da aka cika. Kwamiti ya buɗe littafin ƙarshen kowane wata ya karanta gurbin wuri da lokaci. In faɗa biyar cikin takwas a layin famfo aka yi su lokacin tara, a raba wa azuzuwa lokacin shan ruwa, a sa malami ɗaya ya tsaya a wurin.